Rumbun Muryoyin Malama Turai

Ku matso inuwar nan, ku gyara zama, kowa ya mayar da wayarsa aljihu. Ga wata nan ta zo muku da ƙafarta. Ba ta zamanin kaka da kakanni ba ce, ta zamaninku ce, kuma idan na kai ƙarshenta ni zan yi shiru, ku ne za ku yi magana.

A can ƙasar fadama, inda kogi yake rarrabuwa ya bazu cikin ciyawa har mutum ya kasa cewa nan ne ruwa nan ne tudu, akwai wani gari da ake kira Gawon Ruwa. A garin akwai wata tsohuwar malamar firamare, sunanta Malama Turai. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyarwa. Duk lokacin da aka ba da hutu, sai ta rataya rakoda a wuya, mijinta Nomau ya ɗauki gora ya tuƙa ta a kwale-kwale, su bi ƙauyukan masunta ɗaya bayan ɗaya. Ta zauna a gindin dutsen niƙa ta ɗauki waƙar mata. Ta tsaya a bakin tafki ranar su, wato ranar kamun kifi na gayya, ta ɗauki kirarin masunta. Tsofaffi su ba ta labarin inda garinsu yake a da, kafin ciyawar kachalla ta rufe shi.

Shekaru suka shuɗe. Nomau ya rasu, yawancin masu muryoyin nan ma suka bi shi. Kafin kaset-kaset ɗin su lalace, wasu ɗaliban jami'a sun zo sun juye mata su duka cikin wani ɗan baƙin faifan ajiya, wanda bai fi sabulun wanki girma ba. Muryoyi dubu huɗu da ɗari biyu ne a cikinsa, kuma babu kwafinsu a ko'ina cikin duniya. An sha ba ta shawara ta zuba su a ma'ajiyar wani kamfani a intanet, ta ce a'a, ba za ta miƙa mutanenta ga wanda ba ta taɓa ganin fuskarsa ba.

Sai wata damina ta zo da ruwan da ba a saba gani ba. Gadar da ke haɗa garin da babbar hanya ta tafi. Hukuma ta hana jiragen ruwa tsallaka kogin saboda ƙarfin igiya. Gawon Ruwa ya zama tsibiri. Idan Malama Turai ta zauna a ƙofar ɗakinta, sai ta ga gajimare biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa cikin ruwa, belbelu suna ratsawa tsakaninsu kamar ba su san wanne ne na gaske ba. Furen bado ya fito a filin da yara suke ƙwallo. Kullum ruwan yana ƙara matsowa kusa da katangarta da kamar faɗin tafin hannu.

Wata safiya ta jona faifan a tsohuwar kwamfutar da makaranta ta bar mata lokacin da ta yi ritaya, don ta saurari wata waƙa da ta kwana a ranta. Maimakon waƙa, sai ta ji yana ƙyas, ƙyas, ƙyas, kamar tsaka a bango.

Ƙarfen sabis na garin yana tsaye cikin ruwa, babu mai kai masa mai, sai hasken rana kawai yake ci. Daga hantsi zuwa azahar yake aiki, shi ma da ƙyar. Ta jira hantsi, ta kira Sabi'u, wani tsohon ɗalibinta da ke gyaran kwamfuta a Kano. Ta kara wayar a jikin faifan don ya ji.

Ya ce, "Malama, don Allah cire shi yanzu-yanzu. Kada ki girgiza shi, kada ki ɗaga shi daga teburin nan. Kunnawa ɗaya ta rage masa, in an yi sa'a biyu."

Ta cire. Ta ce, "To, ɗana, yaya za a yi?"

Ya yi mata bayanin wata manhaja da mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka gina don amfanin kowa. Ba ta da mai ita, kowa zai iya ɗauka, ya buɗe cikinta ya duba, ya gyara. Idan aka ɗora ta a kwamfuta, za ta lallaɓa faifai mai ciwo ta kwashe abin da ke cikinsa a hankali, sannan ta riƙa aika shi kaɗan-kaɗan zuwa kwamfutocin mutanen da mutum ya zaɓa da kansa. Idan sabis ya ɗauke ta tsaya, idan ya dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ya faɗa mata sunan manhajar, harshenta ya ƙi ɗauka.

Ta ce, "Wato rumbu ne."

Ya ce, "Rumbu ne, Malama. Amma ke ce za ki gina shi da hannunki, don babu wanda zai iya tsallakowa."

Ya ma gwada. Ya hau mota har bakin karyayyiyar gadar, ya tsaya yana hango rufin gidajen garin kamar a mafarki, aka mayar da shi. A hanyar komawa ya kira aminansa biyu da suka zauna benci ɗaya a ajin Malama Turai: Na'ima, wadda ke rubuta littattafan makaranta a Zariya, da Tanko, tela a Gashuwa. Kowa ya ce ya ji, ya kuma ɗauka.

To, ga inda gizo... a'a, ga inda matsalar take. Manhajar tana da takardar jagora mai nuna yadda ake ɗora ta mataki-mataki. Amma masu gina ta sun yi ta sabunta ta shekara da shekaru, jagorar kuwa an bar ta yadda take tun farko. Hanya ta sauya, taswira ba ta sauya ba.

Sabi'u ne ya fara. Ya rufe shagonsa, ya jera kwamfutoci uku a kan tebur, ya bi tsohuwar jagorar kamar yadda aka rubuta ta. Manhajar ta tsaya a mataki na huɗu. Ya buɗe cikin manhajar ya yi ta karatu har ya gano sun sauya wa wani wuri suna. Ya gyara, ya ci gaba, ta sake tsayawa. Sau goma sha tara ya ɗora yana gogewa. Tsofaffin faya-fayan da yake gwaji da su suka ƙare, sai ya ciro nasa na gida ya jona, wanda hotunan sunan 'yarsa ta fari suke ciki. Ya rubuta mataki na bakwai kamar yadda jagorar ta ce. A da, umarnin nan duba faifai kawai yake yi. A sabuwar manhajar, share shi yake yi tas don ya zama sabuwar ma'ajiya. Kafin ya ɗaga hannu, komai ya tafi. Sannan ya ɗauki biro ya rubuta da manyan haruffa cewa kada kowa ya taɓa mataki na bakwai, ya kuma nemo umarnin da ya kamata a sa a madadinsa. Da Malama Turai ta bi tsohuwar jagorar, da ita da hannunta za ta goge muryoyi dubu huɗu da ɗari biyu cikin ƙiftawar ido.

Sai dai abin da Sabi'u ya rubuta, shi kaɗai yake iya karanta shi. Shafi arba'in ne na Turancin masu gyara, ga kibiyoyi, ga gajerun kalmomi, ga wuraren da ya tsallake don a wurinsa a fili suke. Ya tura wa Na'ima. Ita kuwa cikinta ya shiga wata tara, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya zama a kujera. Ta jingina da bango, ta ɗora takardun a kan tire. Ta yi ta kiran Sabi'u tana tambayarsa, wannan me yake nufi, me ya sa wannan ya riga wancan, har ta fahimci abin kamar ita ta gina shi. Sannan ta rufe ido ta tuno Malama: yadda take riƙe takarda nesa da fuska, yadda ba ta son jimla mai tsawo. Ta mayar da shafi arba'in matakai goma sha tara, kowanne gajere yadda zai shiga saƙon waya ɗaya. A kowane mataki ta faɗi abu uku: ga abin da za ki rubuta, ga abin da za ki gani, ga abin da za ki yi idan kin ga wani abu dabam. Inda sifili ya zo ta ce, wannan sifili ne, ba harafin o ba. Inda ake barin fili ta ce, a nan ki bar fili ɗaya. Sau tara ta sake rubutun. Ta yi shi da Hausa don Malama, ta yi da Turanci don sauran duniya. Washegarin ranar da ta gama, naƙuda ta kama ta.

Sabi'u ya gwada sabuwar jagorar, ta tafi sumul. Ya ce a tura. Tanko ne ya ce a dakata. Shi daga aji huɗu ya bar makaranta, shi ne wanda a da ake yi wa dariya idan an tashe shi karatu, kuma bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Ya ce da su, "Ku kun san hanya, ko an rufe muku ido za ku je. Ni ne irin Malama. Ku bari in fara faɗawa ramin kafin ita." Ga ɗinkin biki jibge a shagonsa, ya ba masu kaya haƙuri. Ya aro wata tsohuwar kwamfuta mai ƙura daga wani shagon buga takardu da ya daina aiki, ya ɗora ta a kan teburin yanka. Ya rubuta mataki na ɗaya, ya naɗe hannu yana jira. Awa biyu babu abin da ya motsa. Ya haɗiye kunya ya kira Sabi'u, ashe akwai wani babban maɓalli da ake dannawa bayan kowane umarni, wanda babu wanda ya tuna ya rubuta saboda yatsunsu da kansu suke yi. Aka ƙara shi a jagorar. Ya ci gaba har mataki na goma sha biyu, sai manhajar ta ƙi ƙulla zumunci da kowace kwamfuta a waje. Sabi'u ya yi duk dabararsa ta waya, ya rasa dalili. Yini biyu Tanko yana zaune yana ƙare wa allon kallo, irin kallon da yake yi wa riga idan yana neman inda zare ya kauce. Can a kusurwa ya hango wasu ƙananan lambobi. Ya ce, "Sabi'u, wannan na'urar fa tana zaune a shekarar da na yi aure." Ɗan batirin agogonta ya mutu tuntuni, ita a ganinta duniya ba ta motsa ba, sauran kwamfutoci kuwa ba sa yarda da wadda ba ta san ranar da ake ciki ba. Na su Sabi'u sababbi ne, ba za su taɓa nuna wannan ba. Ta Malama kuwa sa'ar wadda ya aro ce. Da ta kai nan da faifanta a jone, da ya yi ta juyawa a banza har ya mutu. Aka sa gyaran agogo a can farko, kafin a jona komai. Matakai suka zama ashirin da ɗaya.

Duk kwanakin nan Malama Turai tana zaune tana jira. Ta lulluɓe faifan da ɗankwali kamar jariri. Idan rana ta take, gyangyaɗi ya ɗauke ta a kan tabarma, sai ta ga kwale-kwale suna wucewa ta cikin ɗakinta, cike da tsofaffin matan da ta sani, kowace da tulu a ka, bakinsu yana motsi amma ba ta jin komai. Ta farka ta tarar ruwa ya taɓa dokin ƙofar gida.

A rana ta goma sha ɗaya, da hantsi, wayarta ta fara ƙara. Saƙo ya shigo, wani ya biyo shi, har ashirin da ɗaya. Idonta ba ya jure ƙananan haruffan waya, don haka ta ɗauko sabon littafin rubutu, ta kwafe su ɗaya bayan ɗaya da kyakkyawan rubutun nan nata na allo, ta ja layi a ƙarƙashin kowanne. Ta lura da abin ta yi murmushi: yau ita ce take kwafar darasi daga hannun yaran da ta koya wa riƙe fensir.

Washegari ta yi alwala, ta yi bisimilla, ta zauna. Mataki na farko ya ce ta dubi kusurwar allo. Ta duba, ta ga kwamfutarta tana shekarar da Nomau yake da rai. Ta ɗan tsaya, hannunta a kan tebur. Sannan ta gyara ranar kamar yadda aka ce. Ta bi sauran da yatsa ɗaya, tana faɗin kowane harafi a fili kafin ta danna. Duk abin da takardar ta ce za ta gani, shi take gani, har ta ji kamar Na'ima tana zaune a gefenta. A mataki na goma sha bakwai aka ce, yanzu ki jona faifan, a hankali. Ta yaye ɗankwalin. Ya yi ƙyas, ƙyas, ya yi shiru. Sai wani siririn layi kore ya bayyana a allon, ya fara tafiya kamar kwale-kwalen da ake hangowa daga nesa.

Yini guda da rabi manhajar tana kwasa. Da ta kai ta ƙarshe, faifan ya yi wani ɗan sauti kamar ajiyar zuciya, bai ƙara motsi ba har yau. Muryoyi tara ne kawai suka salwanta. Sauran suka fara tafiya, kullum daga hantsi zuwa azahar, wasu Kano, wasu Zariya, wasu Gashuwa, ta saman ruwan da ya hana mutane wucewa. Kwana ashirin da uku aka yi ana wannan jigila. Kwana uku da gamawa ruwa ya shiga ɗakin, maƙwabta suka ɗauke Malama Turai zuwa tudun makaranta, kwamfutar kuwa ta sha ruwa.

A can tudun ne Tanko ya kira ta. Ya ce, "Malama, saurari wannan, na buɗe ɗaya ne kawai a kan sa'a."

Sai ga muryar wata tsohuwa daga wani ƙauye da yanzu ko tushen bangonsa babu, tana dariya tana cewa, "Ke Turai, wannan akwatin naki da yake ta haɗiye magana, me kike ba shi ya ci?" Ga zakara yana cara a bayanta, ga ƙarar taɓarya. Malama ta rufe fuska da mayafi. Matan da ke kusa suka zaci kuka take yi, ashe dariya ce ta haɗu da hawaye.

Sabi'u ya aika wa masu kula da manhajar sabuwar jagorar. Suka karɓa da godiya, suka cire tsohuwar, suka sa sunayen mutum uku a ƙasa. Ba a yi wata biyu ba wata ma'aikaciyar ɗakin karatu daga wata ƙasa mai nisa ta rubuto cewa gargaɗin mataki na bakwai ya tsare mata aikin shekara goma.

Da ruwa ya janye aka gyara gada, su ukun suka zo gaishe ta, Na'ima da jaririya a baya. Malama ta shimfiɗa musu tabarma, aka ci aka sha. Sannan ta gyara zama ta ce akwai maganar da ba ta taɓa faɗa musu ba.

A cikin muryoyin nan akwai ɗari uku da ba na kowa da kowa ba ne. Akwai waƙoƙin da ungozoma ke yi a ɗakin haihuwa, akwai sirrin masunta na shiga ruwa mai zurfi, akwai abin da wasu suka faɗa game da danginsu suka ce kada a ji sai bayan jikokinsu sun girma. Masu su sun sa ta yi alkawari cewa mutum ɗaya ne zai riƙe su, idan ya gaji ya miƙa wa mutum ɗaya. Ta kulle su a rumbun da kalmar sirri, kuma ita kaɗai ta san ta. Wanda ya riƙe kalmar nan shi ne zai ce a buɗe ko a bari, shi ne magajinta.

Ta ce, "Idona ya tafi, ƙwaƙwalwata ma ta fara yi mini wasa. Ina tsoron in wayi gari in neme ta in rasa. Ba zan raba ta uku ba, don ba haka na yi da su ba. Ɗayanku zan raɗa wa a kunne kafin ku koma."

Sabi'u ya sunkuyar da kai. Na'ima ta gyara goyonta. Tanko ya kama bakin tabarma yana murzawa. Kowannensu yana so, kuma babu wanda zai buɗe baki ya ce shi.

Malama Turai ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ba don Sabi'u ba, da ta share muryoyin da hannunta, kuma shi ya yi asarar abin da ba zai dawo ba. Ba don Na'ima ba, da ilimin Sabi'u ya tsaya a Kano cikin shafi arba'in da tsohuwa ba za ta iya karantawa ba. Ba don Tanko ba, da kyakkyawar jagorar nan ta kai ta tsakiyar kogi ta sake ta a can. Motar da za ta mayar da su tana jira a bakin kasuwa, direba har ya fara danna oda.

A nan na tsaya. To, jama'a, ku da kuka ji yadda aka yi tun daga farko: wanda ya gano ramin, da wadda ta zana hanyar, da wanda ya fara taka ta da ƙafar marar sani, a kunnen wa ya kamata Malama Turai ta raɗa kalmar nan?